Zanen Goyon da Na Kai Tsallake

Maruru ne, ina tsammani, sa'ad da na farko ya fito mini a hammata ina amarya a Bagudo. To wane irin maruru ne wannan da ba ya gajiya? Ɗaya ya fashe, biyu su taso, su yi rami su haɗe ta ƙarƙashin fata, har suka gangara ƙasan nono. Lokacin an ƙaddamar da Shari'a, dogon hijabi ya zama na kowa, shi ya rufa mini asiri. Ruwan ciwon ya ɓata riga, wari ya tashi, ni kuwa ina ciki ina dahuwa, ina yi wa mutane murmushi.

Innata ta ce rashin aski ne, na dage da reza, abin ya ƙara haukacewa. Aka kira wanzami ya yi mini sakiya da ƙarfe mai zafi. Allah ya isa tsakanina da ƙarfen nan! Tabo kawai ya bar mini.

Duk wannan na jure. Abin da ya karya ni goyo ne. Na haifi 'yar fari, kuma kowa ya san ta inda zanen goyo yake bi: ta hammata, ya ɗaure a ƙirji, daidai kan ciwon. Na gwada, wallahi na gwada. In na ja zanen sai na ga duhu-duhu, jini da mugunya su jiƙa shi, yarinya tana tsala kuka a baya ni ina yi a gaba. Ga shi 'yar fari ce, ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane. Bayan uwa ne kaɗai inda al'ada ta bar mana mu manne da juna, shi ma ciwo ya ƙwace.

Da aka yaye ta, yayata da ke aure a tsallaken iyaka, can ƙasar Benin bayan Lolo, ta zo ta saɓa ta a baya, ta hau babur ta tafi da ita riƙo. Matan unguwa suka yi ta yabona. "Kai, wagga yarinya akwai kunya, ko kallon ɗiyar ba ta yi ba!" Kunyar me? Da na kalla da na bi babur ɗin da gudu.

Shekaru suka tura. In na ga mace ta sunkuya ta cilla ɗanta baya, ta ja zane ta soke ba tare da ko tunani ba, sai in ji haushinta kamar ta zage ni. Na yi kewar yarinyar nan har abinci ya daina yi mini daɗi.

Ƙanen maigidana da ke aiki a Abuja shi ya kai ni wajen wata likitar fata. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo, harshena bai ɗauka ba. Ta ce ba ƙazanta ba ce, ba a kuma ɗauka, ramin gashi ne yake toshewa ya kumbura. Ta ce akwai wata na'ura, lesa, mai kashe saiwar gashin da haske. Ba ta yi mini alkawarin rabuwa da shi har abada ba, amma ta ce zai lafa. Da na gaya wa Inna ta riƙe baki. "Wuta kuma? Ashe su ma Turawa sakiya su kai!"

Aka sa mini baƙin tabarau, na ɗaga hannu iya yadda zai ɗagu. Zafin kamar mai ya fantsamo daga kasko, tas, tas, ga ƙaurin gashi. Na yi ta zarya wata bayan wata, a hanyar da ke karya ƙugu, ina haɗawa da magani. Sannu a hankali sababbi suka daina fitowa, tsofaffin suka bushe. Ranar da na miƙa hannu na sauko da ƙwarya daga kan rumfa ban ce wash ba, ban tsaya ko'ina ba sai kasuwa. Na sayi zanen goyo da majanyi sababbi dal.

Na hau kabu-kabu zuwa Lolo, na ƙetara. A tsakar gidan yayata na iske wata yarinya doguwa, siririya, goye da jaririn da yayata ta haifa, tana jijjiga shi tana yi masa waƙa da Dandanci, yaren mutanen can. Sai da na ga goshin ubanta na gane ta. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ake gaida baƙuwa.

Yaya ta ga ƙullin da ke hannuna, ta gane. Ta ce da ita, "Ke, sauke ƙanenki, innarki ta Bagudo za ta goya ki."

Yarinyar ta tuntsire da dariya. "Ni? Ƙatuwa da ni? Ni da nike goyon wani!"

Muka yi dariya duka, har da ni, don in ban yi ba kuka zan yi. Ta hango zanen, idonta ya yi haske, ta ce nata ya tsufa, ko zan ba ta? Na ce ai naki ne. Na durƙusa a gabanta, na zagaya zanen ta bayan jaririn, na biyo da shi ta hammatarta. Hannuna ya taɓa ƙirjinta, na ji zuciyarta tana bugawa, na yi ta jan ɗaurin don kada in gama.

Ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa da kanta cikin ƙiftawar ido.

"Ba haka a kai ba, Inna. Ke ba ki taɓa goyo ba?"

Na ce, "Na taɓa, 'yar nan. Bai daɗe ba ne."