Kifin da Malam Buba ba ya ci

"Malam Buba, yau kuma araha ce ta sauka?"

Haka na ce wa mai kifin da nake saye a wurinsa a Bolari, ina dariya. Tarwada manya-manya sai sheƙi suke, ga sauƙin kuɗi.

Ya ce tun da aka yi ambaliyar nan kogi ya cika, kifi ya yi yawa.

Na ce, "Ashe iyalinka sun more, kullum farfesu!"

Sai ya ajiye wuƙar da yake yanka kifi da ita.

"Alhaji, yau sati uku rabon gidana da cin kifi. Ƙanena masunci ne, ruwan ya kifar da kwalekwalensa. Har yanzu ba a ga gawarsa ba. Sayarwa dole ce, 'ya'yansa huɗu suna hannuna. Amma in kai bakina? Wallahi ba zan iya ba."

Ya ƙulle ledar ya miƙo mini, har da gyara.

Kifin na nan cikin firji. Sau biyu maiɗakina tana tambaya ko ta ɗora. Na kasa cewa a dafa, na kasa cewa a zubar.

Jama'a, in ku ne, za ku iya ci?