Raguna Biyu a Ƙofar Gidan Kubura

Ikilima Dabo ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti kusa da garin Babban Mutum, amma kwamfuta ta fi ɗauke mata hankali fiye da hira. Asibitin yana amfani da wata manhaja ta kyauta, wadda masu sa kai daga ƙasashe da yawa suke haɗawa ɓangare-ɓangare. Duk wanda ya iya yana iya ƙara nasa. Ikilima ta koyi aikin da kanta, a hutun sallar azahar, har abokan aiki suna yi mata tsiya wai ta auri allo.

Abu ɗaya ne ya hana ta sukuni. Manhajar ba ta karɓar jariri sai da suna, mu kuwa sai ranar bakwai muke raɗa suna. Sai ta rubuta ɓangaren da zai karɓi jariri da sunan uwarsa: Jaririn wance. Don kada a shigar da yaro sau biyu bisa kuskure, ta ƙara da cewa in uwa ɗaya ce, rana ɗaya, a haɗe su a riƙe bayanin ƙarshe. Aka karɓi aikin, aka yaba. Ranar kam Ikilima ko ƙasa ba ta gani.

Wata Asabar ta je suna gidan Kubura, matar wani dillalin shanu, wadda ta haihu a asibitinsu lokacin Ikilima tana hutu. Tun da safe ta leƙa manhaja, ta ga Jaririn Kubura lafiya lau. Tana isowa ƙofar gida ta tarar da raguna biyu.

Ta shige gidan da sauri.

"Iya, ragon na biyu fa?" ta tambayi uwar Kubura.

"A'a, ba ki ji ba? Ai tagwaye ne, 'yar nan. Hassan da Husaini."

Ikilima ta kutsa ɗaki ko takalmi ba ta cire ba. Hassan yana tsotso. Husaini yana kwance laƙwas, idanunsa da tafin ƙafarsa sun yi rawaya sosai.

"Maharazu na asibitinku ya ce ciwon shawara ne ya fara, za a aiko a duba shi bayan kwana biyu," in ji Kubura. "Da muka ji shiru, muka ɗauka ba komai."

Maharazu, abokin aikin Ikilima, ya yi nasa. Ya shigar da Husaini da gargaɗinsa, sannan ya shigar da Hassan. Ɓangaren Ikilima ne ya ga uwa ɗaya, rana ɗaya, ya shafe na farkon har da gargaɗin, shi ya sa ba a aiko kowa ba. Ita da ake kira Gambo a gida, saboda tagwaye take bi, ita ce ta manta da tagwaye! Salati kawai take yi.

A bayan babur suka kai yaron asibitin Daura, Ikilima tana rungume da shi. Ya rayu. Washegari ta gyara kuskuren, ta sanar da duk masu amfani da ɓangaren, ba ta ɓoye komai ba. Suka gode mata, abin da ya fi zagi yi mata ciwo.

Har yanzu tana rubuta manhaja, kuma duk Juma'a tana zuwa gidan Kubura da alewa. In ta yi sallama ta kira sunayensu, Hassan yakan sheƙo da gudu. Husaini kuwa sai ya ga ɗan'uwansa ya tashi sannan ya waigo, domin shawarar ta tafi da jinsa.