Bawul Biyu da Ruwan Gishiri

Sai kawai na ga bawul ɗin hagu ya yi ja kamar garwashi, na dama kuwa yana zaune lafiya lau. Na fizge filogi, ɗaki duk ƙaurin roba. Amfilifaya ce na haɗa da hannuna, na'urar ƙara wa rediyo ƙarfi, irin mai bawul biyu masu kama da ƙwan fitila, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kamar mata biyu a kan turmi ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, aiki ya lalace.

Kayan na maƙwabcinmu ne a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan, wani dattijo Ibo mai aikin siginar jirgi, kowa Oga yake ce masa. Bai taɓa koya mini komai ba, ta taga nake leƙensa. Bayan tashin hankalin da aka yi a gari ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Ranar tafiya ya ajiye mini kwali, da bawul biyun da tiransifoma da ƙaramar rediyon magana a ciki. Ya ce in na haɗa in kira shi a mita arba'in, ranar Lahadi bayan an tashi coci, zai kunna ya jira. Ƙaramar rediyon ba ta kai nisa sai da amfilifaya. Bai bar adireshi ba. In ba ta wannan akwatin ba, ba ni da hanyar sanin ko ya isa.

Na musanya bawul ɗin, na dama ya koma hagu. Hagu ɗin dai ya sake yin ja. To ashe ba bawul ba ne. Na warware kwail, wato wayar da na naɗa a kan guntun bututu, sai na ga wayar da ya kamata ta fito daga tsakiya ta karkata gefe. Na sake naɗi, na liƙe da dalma. Ja ya tafi, ku zo ku ga murna.

Amma da na kai baki kan makirfo sai ya cije ni a leɓe da wutar lantarki. Muryata kuma ta fito daga rediyon Mama a ɗaya ɗakin, ta yi kauri, tana ja kamar ta tsoho. Mama ta zo bakin ƙofa, ludayi a hannu.

"Kai, kashe abin nan. Muryar Oga ce na ji."

Na ce mata ni ne. Ta ce ta san muryar ɗan da ta haifa, wannan ba ita ba ce.

A bayan gidan Oga akwai wani ƙarfe da ya kafa a ƙasa, kullum da safe yana zuba masa ruwa. Matan kwatas sun ce wa kakanninsa yake zubawa, Mama ma ta hana mu bi ta wurin. Na je na tona gindinsa, na tarar da gawayi da guntun wayar jan ƙarfe. Wayar ƙasa ce, mai zubar da rarar lantarki, ita kuwa danshi take so! Tawa a busasshiyar tsakuwa na soka ta. Na tumɓuke ƙarfen na kafa bayan tagata, na zuba gawayi da ruwan gishiri. Mama na kallo, daga ranar ta daina shanya a wajen.

Cizo ya daina, rediyonta ta yi shiru. Lahadi ko rigar coci ban cire ba na zauna na kira shi. Na sake kira. Sai shuuu ɗin iska ya yanke ɗif, alamar wani ya danna makirfonsa a can. Na ji kamar numfashi. Bai yi magana ba, ya saki.

Lahadin da ta biyo ma haka, har damina ta wuce. Daga baya ko wannan babu.

Ku da kuka taɓa zama gaban irin wannan akwati, don Allah ku gaya mini, kun taɓa jin an danna an yi shiru? Laifin na'ura ne, ko mutum ne a can?