Silifas a Bakin Ɗakin Sanyi

A inda na yi karatu an sha gaya mana cewa mutum ba ya ci gaba sai ya fara kawar da tsoro. Maganar ba ta taɓa kwanta mini ba, sai dai ban san da me zan musa ta ba. Da na dawo gida na tarar goggona, ƙanwar mahaifina, tana wani aiki da take tsoro tun ranar da ta fara shi.

Goggo tana aiki a wani shagon sayar da daskararren kifi da kaji. Da shara ta fara bayan rasuwar mijinta. Da Manaja ya ga tana da lura, sai ya mayar da ita mai jera kwalaye a ɗakin sanyi, aka ƙara mata albashi. Ɗakin ba taga. Ƙofarsa ta fi katifa kauri, in ta rufu ko ihu kake ba mai jin ka. Ita kuwa Goggo ko banɗaki ta shiga sai ta bar ƙofa a ɗan buɗe.

Ma'aikatan suna da dabararsu. Mai shiga yakan cire silifas ɗinsa, ya zura takalman roba da ke ajiye a wurin, ya tokare ƙofa da silifas ɗaya. Duk wanda ya ga takalmi ya san akwai mutum a ciki. Akwai kuma wani maɓalli daga ciki mai buɗe ƙofar. Ranar da injiniya ya zo ya ce kowa ya shiga a rufe shi ya gwada, Goggo ta leƙa ta ce, “Na gane, yaro,” ta yi baya.

Wata rana aka raba wa kowa sabbin takalman roba nasa na kansa. Goggo ta sa nata tun a ɗakin canza kaya, ta bar silifas can. Sai da ta zo bakin ƙofa ta tuna. Ta yago guntun kwali ta tokare, ta shige. Dogo, mai lodin mota, ya zo wucewa ya ga ƙofa a buɗe, sanyi na fita, ba takalmi. Ya sa ƙafa ya ture kwalin, ya tura ƙofa, ya kashe fitila, ya tafi lodinsa.

Ta ce mini duhun ya fi sanyin tayar mata da hankali. Ta juya da gudu ta yi karo da kwalaye, suka zube, daga nan ta rasa inda ƙofa take. Ta yi ta dukan bango tana kiran Dogo har muryarta ta dushe, ba abin da take ji sai ƙugin injin. Yatsunta suka daina jin abin da suke taɓawa. Ta zauna a kan kwali, ta ji wani barci mai daɗi yana ɗibar ta. Barcin ne ya firgita ta, don ta tuna injiniya ya ce wanda ya yi shi a nan ba ya tashi. Ta tuna 'yarta tana makaranta, mabuɗin gida kuma yana ɗaure a bakin zanenta.

Ta durƙusa tana lalube, ta ji sawun da tayoyin amalanke suka zaizaye a ƙasa. Ta bi shi da rarrafe har ƙofa. Ta sami maɓallin. Ta ja, ya ƙi. Ta murɗa, ya ƙi. Ta yi ta ja tana kuka, har ƙarfinta ya ƙare ta faɗa kansa da kafaɗa. Ƙofar ta buɗe. Ashe turawa ake yi.

Dogo ya tarar da ita kwance a bakin ƙofa. “Goggo, wallahi ban ga takalmi ba!”

Haƙoranta na kaɗawa ta ce, “Dogon banza, yau ɗaya da ka duba ƙasa sai a kaina?”

Manaja ya ce ta koma shara in tana so. Ta yi kwanaki a gida, da fitila a kunne take barci. Da ta dawo ta kira Dogo bakin ɗakin sanyi ta ce, “Rufe ni. Ka tsaya nan hannunka a kan ƙofa. In ka gusa, Allah ya isa.”

Har yau haka take yi kowace safiya kafin ta taɓa kwali. Na je na gani da idona. Ta shiga ta tokare ƙofa da silifas, ta cire shi da kanta, Dogo ya tura ƙofa ya kashe fitila. Can ƙofa ta buɗe, Goggo ta fito tana haki, goshinta jiƙe da zufa a cikin wannan sanyi.

Na ce, “Goggo, to yanzu tsoron ya tafi?”

Ta share goshi da gefen mayafi. “Ina zai je, ɗana? Tare muke shiga. Sai dai yanzu yana ihunsa, hannuna na tura maɓalli.”