Almazar Ummu Sabah

Shekara talatin Ummu Sabah tana haɗa turshi, wato kayan lambu da ake jiƙawa su yi tsami, a lungunmu na Mosul. Ni da muke katanga ɗaya ban taɓa ganin almaza ta kwana uku a gidanta ba. Da an haƙo saiwar, ƙulu-ƙulu kamar citta, sai ta wanke ta, ta zuba a tulun ruwan tsami da gishiri. Mijinta Abu Sabah, tsohon direban bas, ba ya ko taɓawa. Cewa yake, "Abin kumburin cikin nan? In ci liman ya kore ni daga sahu?"

Ranar da aka kawo mata buhu biyu a farkon sanyi, ranar aka bugo waya cewa 'yarta Maisun ta haifi tagwaye a Kirkuk. A gurguje ta binne almazar cikin danshin yashi a ɗakin ƙasa, ta tafi da niyyar kwana bakwai. Sai da ta yi wata biyu da rabi.

Da ta dawo ta kira ni in taya ta kwashe ruɓaɓɓu. Muka tona, ga su garau. Ta fere ɗaya ta ciza, ta zaro ido.

"Abu Sabah! Kai ka zuba wa kayana sukari?"

"Ni da ban san inda kike ɓoye sukarin shayi ba?"

Ta tura masa yanki a baki. Ya tauna, ya miƙo hannu a ƙara. A zaune ya cinye biyar, da la'asar kuma ya dawo daga masallaci yana washe baki, wai cikin nasa lafiya lau.

Raja, ƙanwar mijina, malamar aikin gona, ita ta yi mana bayani. Ta ce sanyi ne yake narkar da abincin da saiwar ta tara, a hankali ya zama sukari, shi ya sa zaƙin ya fito.

Ummu Sabah ta ce, "To sanyi ya fi ni iya girki, 'yata."

Tun daga nan rabin almazarta a yashi yake cin sanyi. Yanzu gwiwa ta hana ta sauka ɗakin ƙasa, ni nake tono mata. Ranar fitarwa matan lungu sukan taru a tsakar gidanta, tana ferewa tana rabawa, kuma duk wadda ta ce ta bara ta fi zaƙi, ita za ta wanke kofunan shayi.