Murmushin Hammanjoda Dillalin Shanu

Duk wanda ya taɓa sayen sa a kasuwar shanu ta Mubi ya san Hammanjoda, ko bai riƙe sunansa ba zai tuna haƙoransa. Mutumin Sorau ne, ya taso a bayan shanun mahaifinsa, ya shigo gari da sanda a kafaɗa, ya zauna Sabon Layi ya zama dillali. Allah bai ba shi kyan fuska can ba, dogo ne siriri mai manyan kunnuwa, amma ya ba shi wushirya da fararen haƙora a jere reras. Goro bai taɓa shiga bakinsa ba, asuwaki kuwa kullum yana aljihu.

Har musu ake yi a rumfar mai shayi kan abin da ya sa murmushin nasa yake da kyau. Wasu su ce wushiryar ce, wasu su ce don dasashi ba ya fitowa, matarsa Mairama kuma ta ce ba wannan ba ne, bakin ne yake buɗewa daidai wa daida, hagu da dama. Ko ma mene ne, da shi yake cin abinci. Mai saye ya taho da fushinsa, Hammanjoda ya yi masa murmushi ɗaya, sai ka ga ciniki ya faɗa.

Hawan jini ne ya kayar da shi wata safiya yana alwala. Ɓarin hagu ya shanye, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, baki ya karkace. Cikin masu zuwa dubiya har da Bobboi, abokin dillancinsa, wanda shi Hammanjodan ne ya koya masa duba haƙorin sa. Da Bobboi ya yi sallama, Hammanjoda ya yi ƙoƙarin yi masa murmushi. Rabin baki ya tafi sama, rabi ya tsaya, yawu ya zubo.

"Sannu Hamma, Allah ya ba da lafiya," in ji Bobboi, har da share ido.

Ba a yi mako ba sai ga bidiyo yana yawo a waya. Bobboi ne a tsakiyar kasuwa, ya sa yatsa ya ja bakinsa gefe, yana jan ƙafa, yana cewa, "Ku saya, ku saya, sa na Hamma ne!" Dillalai na ta sheƙa dariya. Mairama ta ɓoye masa bidiyon, amma me ake ɓoyewa a Sabon Layi? Hammanjoda ya kalla har ƙarshe, ya sake kallo. Ciwon bai sa shi kuka ba, wannan kuwa ya sa shi, kuma daga ranar ya ƙulla Bobboi a ransa. Ya yi rantsuwa sai ya shiga kasuwar nan da ƙafarsa ya rama.

Ba son lafiya ne ya kai shi ɗakin gashin ƙashi ba, gaskiya, ƙiyayya ce. A can akwai wani injin koyon tafiya: a ɗaura wa mutum ɗamara a ƙirji da cinya, igiya ta ɗaga shi sama kaɗan ta rage masa nauyin jikinsa, shi kuma ya riƙa takawa a kan bel mai gudu. Hammanjoda ya ce haka suke yi wa saniyar da ta kwanta ta kasa tashi, bai taɓa zaton za a yi masa ba. A gaban injin akwai lamba mai nuna yawan nauyin da igiya ta ɗauke. Da farko rabi ne. Watanni suna tafiya lambar tana sauka, shi kuwa idonsa a kanta, kowane taku da sunan Bobboi yake yin sa.

Ranar da lambar ta nuna kashi goma kacal, sai ya ce da Miriyamu, ma'aikaciyar da ke kula da shi, "'Yata, na warke. Talata ina kasuwa."

"Baba, kar ka yarda da wannan lamba," in ji ta. "Mashin ɗin yana ƙarya. Mun taɓa sa sikeli a ƙasan mutum, abin da igiya yake ɗauka ya fi abin da yake rubutawa nesa. Ƙafanka bai kai ba tukuna."

Ya ce ya ji. Bai ji ba. Mutumin da ya shekara yana jiran a ce masa ya isa, inji ya faɗa masa a rubuce, ina zai saurari wata yarinya?

Talata ya sa farar riga, ya bar sandar asibiti mai ƙafa huɗu a bayan ƙofa, ya ɗauki siririyar sandarsa ta kiwo. Keke ya sauke shi a bakin kasuwa. Tun daga taku na farko ya gane Miriyamu ta fi inji gaskiya. Ƙasa ba bel ba ce, ga taɓo ga kashin shanu, babu igiya a sama. Ƙafar hagu tana rawa, gumi ya jiƙa masa riga. Mutane suna "A'a, Hamma ne!" yana wuce su, don in ya tsaya gaisuwa ba zai iya sake ɗaga ƙafar ba.

Ya tarar da Bobboi yana tsakiyar ciniki. Mai sayen wani manomi ne daga Muchalla, Philemon, yana neman san huɗa. San da Bobboi ya tsayar masa jibgege ne, ya sha dusa fata sai sheƙi, amma Hammanjoda kallo ɗaya ya yi wa ƙahon da ramin ido ya san tsoho ne tukuf. Ya san halin ɗalibinsa.

A kasuwar nan dillali ba ya shiga cinikin ɗan'uwansa. Wanda ya yi haka, shugabannin kasuwa sukan kore shi, kuma Hammanjoda ya fi kowa sani, don shi ma ya taɓa zama cikin masu yanke hukuncin. Ko a jikinsa. Daidai lokacin ƙafar ta ce ta gaji, sai ya faɗa kan wuyan san, ya rataya hammatarsa ta hagu a gaban tozo, dabbar ta ɗauke masa nauyi. Da hannun dama ya ja leɓen san ƙasa.

"Zo ka gani, ɗan'uwa," ya ce da Philemon, maganar tana fita a tauna. "Duba haƙora. Sun cinye saura guntaye. Wannan ba zai gama maka kunya goma ba."

Philemon ya leƙa, ya dubi Bobboi sama da ƙasa, ya ce, "Ashe haka kake?" Ya juya ya tafi, masu kallo suka bi Bobboi da ido.

"Hamma, me na yi maka?" in ji Bobboi. Ya fizgi igiyar san da ƙarfi.

Sa ya matsa, Hammanjoda ya zube rigingine cikin taɓo, farar riga ta tashi daga aiki. Ya san daga yau ya gama dillanci, ya san wataƙila ya mai da ƙafar baya. Mutane suka rugo za su ɗaga shi, ya ce su dakata. Yana so ya ƙare wa Bobboi kallo, wanda takaici ya sa leɓensa yake ɓari ya ja gefe guda.

Hammanjoda ya buɗe rabin bakin da ya rage masa, wushirya ta bayyana, yawu yana bin gemu.

"Masu waya," ya ce, "ku ɗauki nasa bakin yanzu."