Takardar da Hermelinda Ba Ta Aika Ba

Matso kusa ka zauna, ja wannan kujerar, waccan ƙafarta ɗaya ta gaji da duniya. Labarin Hermelinda Ahuanari zan ba ka, wadda ta riƙe mini 'yata ranar baftisma, shi ya sa har gobe komadire muke kiran juna. Ni sunana Zoila, aikina ɗibar jini. Ita kuwa nas ce, sai da furfura ta fara fito mata ta koma ta yi karatun bincike. Shekara ashirin da biyu muka yi a jirgin ruwa ɗaya, muna tashi daga birnin Iquitos farkon kowane wata, muna bin ƙauyukan bakin kogi da maganin ƙanjamau.

Amma fa in ka tambayi mutanen ƙauyukan, babu wanda zai ce maka jirgin ƙanjamau ne. Jirgin nas Herme suke cewa. Dabararta ke nan: kowa ya shigo a duba shi, mai ciwon baya, mai juna biyu, tsoho mai hawan jini, wanda ƙugiyar kamun kifi ta tsaga wa yatsa. Kuma kowa zai fita da jakar takarda ruwan ƙasa, girma ɗaya, an ɗaure bakinta da jan zare. Ba mai sanin abin da ke cikin jakar wani. A cikin taron nan, mutum sittin da uku ne ke karɓar ainihin abin da ya kawo mu, kuma a shekara goma sha ɗaya, biyu kaɗai suka daina sha.

To, su masu bincike suna da nasu awon daraja. In ka rubuta takarda aka buga a mujalla, sai a zuba ido a ga mutum nawa za su ambace ta a nasu rubutun. Akwai shafi a intanet da ke ƙirgawa, kowa da lambarsa a gaban sunansa. Komadirena takarda huɗu ta taɓa bugawa, duk da Sifaniyanci, a ƙananan mujallu. An ambace ta sau tara. Biyu daga ciki ita ta ambaci kanta, ɗaya kuma wani ne ya kawo ta don ya ce aikin bai da mutane da yawa.

Shugaban aikinmu, Dakta Renzo Valdivieso, mutumin Lima, babban birnin ƙasar, tasa lambar ta haye dubu biyu. Ba mugu ba ne, tsokana ce ta yi masa yawa. Yakan juyo mata da kwamfuta a ofis, ya kira ta Doña, wato uwargida, ya ce, "Doña Herme, wallahi kazar maƙwabciyata ta fi ki yawan ambato."

"Kazar tana da mai rubuta mata Turanci ne, likita," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi.

"Ni ma ai zan rubuta miki. Ke ce sai kin kai kowace takarda yawon kogi."

Nan ya taɓo wurin. Hermelinda tana da wata al'ada da babu mai yin ta a wannan sana'a. Duk abin da ta rubuta, kafin ya bar hannunta, sai ta bi mutanen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya ta karanta musu. Wanda ya ce a cire shi, ta cire, ba gardama. Asalin abin tun farkon aikinta ne. Wani baƙon likita ya buga takarda a kan masu ƙanjamau, bai sa sunan kowa ba, amma ya rubuta "malamin makaranta da matarsa ta rasu, a ƙauye mai mutum ɗari uku." Malami nawa ne a ƙauye mai mutum ɗari uku? Wani ɗan ƙauyen da ke karatu a jami'a ya ci karo da ita. Kafin ruwan kogi ya janye, iyaye sun kwashe 'ya'yansu daga makarantar, malamin ya shiga kwale-kwale da akwati ɗaya. Hermelinda ce ta yi wa malamin tambayoyin da aka rubuta takardar da su. Ba ta taɓa ba ni labarin sau biyu ba.

Sai ka ga takardar da wani zai gama a wata uku, ita ta ci mata shekara biyu, ta dawo a rame, rabin mutanen sun fita.

Shekarar da ta cika hamsin da takwas, abu biyu suka zo mana tare. Dakta Renzo ya sami kujera a jami'a a Lima, zai tafi. Ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin jirgin kuma ta rubuto cewa in ana son a ci gaba, sai a sake neman tallafi, kuma za su duba tarihin wallafar wanda zai shugabanci aikin. Babu likitan da ke son kwana goma a kogi duk wata, sauro na cinsa. Hermelinda kaɗai ta rage, da tara ɗinta.

Renzo ya rufe ƙofar ofis, ya ce mu zauna. Ya riga ya rubuta takarda da Turanci a kan mutum sittin da ukun nan da dabarar jakar, ya sa sunanta a farko. Wata babbar mujalla ta leƙa, ta ce a turo.

"In ta fito kafin ƙungiyar ta zauna, Doña Herme, ba wanda zai kalli tara ɗin nan. Sati shida gare mu. Ki ce to kawai, in danna in tura."

"Sai na karanta musu."

"Sun sa hannu tun shekara goma sha ɗaya!"

"Sun sa hannu a ɗebi jininsu, likita. Wannan ban karanta musu ba."

Ya dube ni. "Zoila, ke ki yi wa komadirenki magana mana." Na ce ni ko launin zaren jaka ban taɓa sa ta canza ba.

Muka tashi ruwa ya cika, har gindin bishiyoyi ya nutse. Hermelinda ta mayar da takardar zuwa Sifaniyanci a littafinta. Takan ja mutum bayan labule, ta ɗaura masa abin awon jini a hannu, ta yi ta karantawa ƙasa-ƙasa kamar tana ba shi shawarar rage gishiri. Ƙauye na farko, takwas suka ce ba komai. Na biyu, shida. Har na fara waƙa a bakin jirgi.

A ƙauye na uku, wanda ba zan faɗa maka sunansa ba, akwai Doña Otilia, mai gasa kifi cikin ganye tana sayarwa a bakin ruwa. Shekara tara tana karɓar jakarta. Mijinta ya rasu, tana zaune da 'yarta da surukinta, ba wanda ya sani. Kullum sai ta kawo mana kifi da dakakkiyar ayaba, ta ce mun rame. Ina wajen ina jera kwalabe, na ji komai.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Herme, 'yar'uwa, maimaita mini wajen jakar."

Ta maimaita.

"Wato a ciki kin faɗa cewa saboda mu ake ba kowa jaka?"

"Ba sunanki, ba sunan gari, Otilia. Ko sunan kogin ba a sa ba."

"Jirgi nawa ne ke raba jaka mai jan zare?" Otilia ta ci gaba, "Surukina in ya je birni ba ya ɗaga kai daga waya. Ya nuna mini, rubutun Turawa ma in ka danna sai ya koma yarenmu. Ranar da ya ga wannan, zai zauna ya ƙirga wa ke shiga jirgi duk wata ba fashi. Mai ciwon baya yana fashi. Mai ciki tana haihuwa ta daina. Ni ce ba na fashi. Wa zai ƙara cin kifina?"

"In takardar ba ta fita ba, jirgin zai iya tsayawa," in ji Hermelinda. Ba ta ɓoye mata ba.

"To wannan mai yiwuwa ne. Nawa kuwa tabbas ne. Cire ni, 'yar'uwa."

Wani zai rufe bakinsa ya wuce ƙauye na gaba. Komadirena kuwa ta ce tunda Otilia ta ga abin da mu ba mu gani ba, dole sauran su ji. Duk wanda ta karanta wa, sai ta ƙara masa da tambayar nan ta jirgi nawa. Har na baya da suka ce ba komai, a hanyar dawowa ta sake tsayawa wajensu. Na ce, "Komadire, da hannunki kike huda jirgin nan." Ta ce, "Na sani. Miƙo mini littafin." Muka iso Iquitos da mutum goma sha tara cikin sittin da uku.

Renzo ya dafe kai. Ya ce a cire maganar zare da launin jaka. Ta ce sunanta yana sama, kuma nas Herme ɗaya ce a kogin. Ya ce to a cire sunanta. Amma in babu sunanta, takardar ba ta da abin da za ta yi mana.

"Mutum nawa ne a kogin nan suka taɓa buɗe mujallar likitoci?" ya ce. "Kina tsoron abin da wataƙila ba zai faru ba, kina sayen wanda tabbas zai faru. Doka ta ba mu dama, Doña Herme. Su ma da suka ce a cire su, jirgin nan ne ransu."

"Gaskiya ka faɗa, likita."

"To?"

"Na tambaye su, sun amsa. In zan yi abin da na ga dama, me ya kai ni tambaya?"

Bai danna ba, wannan kam na shaide shi. Aka aika neman tallafin da takardunta huɗu. Amsar ta zo bayan wata biyar, layi uku: aikin yana da ban sha'awa, amma shugabar da aka gabatar ba ta da tarihin wallafa da zai nuna tasiri.

A tafiyar jirgin ta ƙarshe, Hermelinda ta ba kowa maganin wata uku, ta rubuta musu inda za su je a birni. Magani yana nan kyauta, ba a hana kowa ba. Sai dai kwana biyu ne a ruwa daga wasu ƙauyukan, ka bar gona da kamun kifi, ka faɗa wa gida dalilin tafiya, sannan ka tsaya a layin wata ƙofa da kowa ya san ta mece ce. Yanzu a wannan ƙofar Hermelinda take aiki, ita ta nemi a kai ta. Shekarar farko ta ga talatin da ɗaya daga cikin mutanenmu. Bana goma sha huɗu. Otilia ta zo sau biyu, na biyun da kifi a ganye, ta ce wa 'yarta ciwon ido ya kawo ta. Wata takwas ke nan ba mu gan ta ba, kuma ba dama mu aika a tambaya, don tambayar ma tona asiri ce.

Ran Lahadi na je gidanta bayan coci, na tarar tana ɓare rogo. Na ce, "Komadire, kin taɓa yin da-na-sani?" Ta ce kullum, kuma da ta aika ma da kullum ɗin ne. Ta tura mini wuƙa ta ce in kama mata.

Ni dai har yau ban yanke ba, wata rana ina bayanta, wata rana ina bayan Renzo. Kai da ka zauna ka ji duka, in takardar nan a hannunka take, mutum arba'in da huɗu sun ce ka cire su, jirgin kuma a kanta ya rataya, za ka aika?